Ostareliya: masu gadin bakin teku ba su da albashi, amma sai da jarrabawa ake shiga cikinsu

Daga ƙarshen watan Satumba zuwa ƙarshen Afrilu, lokacin da zafi ke sauka a kudancin duniya, duk Asabar da Lahadi da ranakun hutu ana ganin wasu mutane sanye da riga ruwan ɗorawa da gajeren wando ja a bakin tekun birnin Sidni da kewayensa. Su ne ke kafa tutoci biyu cikin rairayi tun da safe, su tsaya suna zuba wa ruwa ido, su busa usur idan wani ya kauce, su faɗa cikin teku idan wani ya ɗaga hannu. Ranar Litinin wani daga cikinsu zai koma aji ya koyar, wata ta koma asibiti, wani ya koma gareji. Ko dala ba a biyan su. Hasali ma su ne ke zuba kuɗin ƙungiya kowace shekara don a bar su su yi wannan aiki.

Ƙungiyar ƙasa da ta haɗa su ita ce Surf Life Saving Australia. Tana da kulob fiye da 300 a gaɓar ƙasar, da membobi fiye da 180,000, ko da yake masu fita sintiri na haƙiƙa ba su kai kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Sauran yara ne masu koyo, da iyayensu, da tsofaffin ƴan sintiri, da magoya baya. Bisa ƙididdigar ƙungiyar, mutanen da aka tsamo daga ruwa tun 1907 sun haura 600,000. Abin tambaya shi ne yadda aikin da ba albashi ya shekara fiye da 100 bai watse ba, kuma amsar tana cikin sharuɗɗan shiga da na zama cikin kulob, waɗanda sun fi na wasu ayyukan albashi tsanani.

Yadda abin ya faro

A ƙarni na 19 doka ta hana wanka a tekun Sidni da rana, saboda ana ganin sa a matsayin rashin kunya. Ana yawan ba da labarin wani editan jarida na unguwar Manly, William Gocher, wanda a 1902 ya shelanta a jaridarsa cewa zai shiga teku da rana tsaka, ya kuma shiga. Ba da jimawa ba hukumomin gari suka fara sassauta dokar. Jama'a suka kwararo bakin ruwa, galibinsu ba su iya iyo ba, balle su san halin teku. Nutsewa ta yi yawa.

Matasan da suka saba da ruwan ne suka fara haɗa kansu. An kafa kulob na Bondi, wanda ake furtawa Bondai, a watan Fabrairun 1907, kuma har yau maƙwabtansu na Bronte na jayayya cewa su ne na farko a duniya. A watan Oktoba na wannan shekarar kulob-kulob ɗin Sidni suka kafa ƙungiya guda, wadda ita ce tushen ta yau. Kayan aikinsu na lokacin wata babbar ƙwarya ce ta katako da ake naɗe doguwar igiya a kai: mutum ɗaya ya ɗaura igiyar a ƙugu ya yi iyo zuwa wurin mai nutsewa, sauran su jawo su biyun zuwa tudu. Cikin mutanen farko da aka ceto da ita a Bondi, a Janairun 1907, akwai wani yaro mai suna Charles Kingsford Smith, wanda daga baya ya zama shahararren matuƙin jirgin sama. Sunansa ne filin jirgin saman Sidni ke ɗauke da shi.

Ranar da ta kafa sunan ƴan ceton a zukatan mutanen ƙasar ita ce Lahadi 6 ga Fabrairun 1938. Dubban mutane na bakin tekun Bondi sai wasu manyan raƙuman ruwa suka zo a jere, da ruwan ya juya zai koma ya kwashe ɗaruruwan masu wanka daga tudun yashin da suke tsaye ya kai su wuri mai zurfi. An yi sa'a ƴan kulob da yawa suna wurin don wata gasa ta iyo. Sun fito da mutum kusan 250, suka farfaɗo da gommai da suka suma. Mutum 5 suka rasu.

Abin da ke kashe mutane a bakin teku

Wanda bai taɓa zama kusa da teku ba zai ɗauka kifin shark ne babban haɗari. Masu sintiri sun fi tsoron wani abu da ido bai cika gani ba. Raƙuman ruwa na turo ruwa zuwa gaɓa ba tsayawa, kuma dole wannan ruwan ya nemi hanyar komawa. Sai ya haƙa wa kansa kwari tsakanin tudun yashi biyu, ya bi ta nan da gudu zuwa cikin teku, kamar ƙorama bayan ruwan sama mai ƙarfi, sai dai ita wannan ƙoramar cikin ruwa take. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: ruwan ya fi duhu, ba kumfa, raƙuma ba sa fashewa a kansa. Baƙo na zuwa, nan zai zaɓa wa ƴaƴansa. Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke sauka Kwatano ko Lome sun ji irin gargaɗin da mazauna wurin ke yi game da tekunsu. Irin wannan jan ruwan ne ake nufi.

Ƙoramar ba ta danna mutum ƙasa, tafiya da shi take yi. Abin da ke kashe shi firgita ce da gajiya, yana ta kokawar komawa gaɓa ta hanyar da ruwa ke fitowa har ƙarfinsa ya ƙare. Shawarar ƴan ceto ita ce mutum ya kwanta bisa ruwa, ya ɗaga hannu ɗaya sama, in kuma gwani ne ya yi iyo zuwa gefe har ya fita daga kwarin. Wani malamin jami'ar New South Wales, Rob Brander, wanda ke zuba launi cikin teku don mutane su ga hanyar ruwan da idonsu, ya nuna tare da abokan aikinsa a 2013 cewa wannan ja na kashe kimanin mutum 21 a shekara a Ostareliya, fiye da abin da gobarar daji da ambaliya da guguwa da shark ke kashewa in an haɗa su.

Nan ne amfanin tutocin yake. Kowace safiya shugaban sintiri kan karanta ruwa, ya gane inda ƙoramu suke a ranar, don suna canja wuri, sannan ya sa a kafa tutoci biyu masu launin ja da ruwan ɗorawa a wurin da ya fi aminci. Tsakanin tutocin ne kawai ake so a yi wanka, nan ne idon ƴan sintiri yake. An fara amfani da waɗannan launuka a 1935, kuma su ne launukan tutar da jiragen ruwa ke ɗagawa idan mutum ya faɗa teku. Idan ruwa ya ɓaci sosai, ana cire tutocin a rufe wurin baki ɗaya.

Jarrabawar shiga

Kowa na iya sayen katin kulob a matsayin mai goyon baya. Sanya rigar sintiri kuwa sai da lambar tagulla, wadda suke kira Bronze Medallion, jarrabawar da ake yi tun 1910. Dole mai nema ya cika shekara 15. Kafin a ma fara koya masa komai, sai ya yi iyon mita 400 a pisin cikin minti 9 ko ƙasa da haka, wato tsawon babban pisin na gasa sau takwas ba hutawa. Wanda ya kasa, sai ya je ya ƙara motsa jiki ya dawo.

Horon kan ɗauki makonni, da yamma bayan aiki da kuma safiyar ƙarshen mako, kuma masu koyarwar su ma ƴan sa kai ne. Ana koyon gane ƙorama daga tudu, da ɗauko mutum a kan dogon allon ceto ko da wata robar da ake zagaya masa a ƙirji, da yadda ake tunkarar wanda ya firgita ba tare da ya shaƙe mai cetonsa ba. Ana koyon ɗaukar wanda ake zaton ya karye a wuya, da danna ƙirji sau 30 a hura numfashi sau 2, da aiki da na'urar tayar da bugun zuciya, da maganar oba-oba, da alamun hannu da ake yi wa wanda ke can cikin ruwa inda murya ba ta kaiwa. A ranar jarrabawa akwai gwajin da kowa ke jin tsoro: gudun mita 200 cikin rairayi, iyon mita 200 cikin raƙuman teku, sannan wani gudun mita 200, duka cikin minti 8. Takardar da ake samu hukumomin ilimin sana'a na ƙasar sun amince da ita, don haka matasa da yawa kan yi amfani da ita wajen neman aiki.

Ƴan shekara 13 da 14 suna da tasu ƙaramar shaida, da iyon mita 200 cikin minti 5. Suna fita sintiri, amma ƙarƙashin idon manya. Ƙasa da su akwai yara daga shekara 5 zuwa 13, da ake kira Nippers, waɗanda iyaye ke kawowa kowace safiyar Lahadi su yi wasannin gudu da iyo suna koyon halin ruwa. Daga cikinsu ne kulob ke samun yawancin ƴan sintirinsa na gobe, kuma da dama daga cikin iyayen da suka zo rakiya kan ƙare da zama jarrabawar su ma. Duk babban da zai yi aiki da waɗannan yara sai hukuma ta binciki tarihinsa ta ba shi takardar izini.

Sharaɗin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ke zuwa bayan an ci jarrabawar. Lambar ba ta zama gado. Kowace shekara, kafin ƙarshen Disamba, dole kowane ɗan sintiri ya sake gudu da iyo da gudu a gaban mai duba shi, ya sake nuna ya iya farfaɗo da wanda ya suma. Ɗan shekara 16 da ɗan shekara 60, agogo ɗaya ake riƙe musu. Wanda bai yi ba, sunansa ba ya cikin waɗanda ake ƙirgawa a sintiri, komai daɗewarsa a kulob, komai muƙaminsa a gari. A ƙungiyoyin sa kai da yawa a duniya, kati da riga su ne shaidar memba har ya mutu. A nan jiki ne ke ba da shaida, kuma shekara ɗaya take yi.

Jadawali, da hukuncin wanda ya ƙi zuwa

Da an karɓi mutum, sai a sa shi cikin wata tawaga mai shugabanta. Kafin kakar ta fara ana fitar da jadawali na watanni bakwai, kowa ya san ranakunsa. A manyan kulob, tawaga kan fita sau ɗaya cikin sati uku ko huɗu, na awa huɗu zuwa biyar, safe ko yamma. Ranar Kirsimeti da ranar sabuwar shekara suna cikin jadawalin, kuma su ne ranakun da bakin teku ya fi cika.

Ba a kafa tuta sai tawaga ta cika ƙa'ida. A jihar New South Wales ana buƙatar aƙalla mutum uku masu lambar tagulla da suka sabunta gwajinsu, kuma a cikin tawagar dole a samu mai shaidar shugabancin sintiri, da mai shaidar aiki da iskar oksijin, da matuƙin kwalekwalen roba mai inji tare da mataimakinsa. Kowace daga cikin waɗannan da nata horon da nata jarrabawar. Ke nan rashin zuwan mutum ɗaya na iya hana buɗe wurin wanka ga dubban mutane. Shi ya sa dokar kulob ta ce wanda ba zai samu zuwa ba, shi ne zai nemo madadinsa, kuma madadin ya kasance yana da irin takardunsa. Wanda ya yi fashi ba madadi sai ya rama, wasu kulob har da ƙarin sintirin tara, kuma kafin ya biya bashin ana iya hana shi ɗakin motsa jiki da shiga gasa.

Maganar gasa ba ƙarama ba ce. Kulob-kulob na fafatawa da juna a iyo da tseren allo da tuƙin kwalekwale da gudu cikin rairayi, har zuwa gasar ƙasa da ke tara dubban ƴan wasa kowace shekara. Matasa da yawa don gasar suke shiga. Ƙungiyar ta ɗaure abin biyu wuri ɗaya: a New South Wales, sai wanda ya yi aƙalla awa 25 na sintiri a shekara ke da damar shiga gasar zakaru. Zakaran iyo na ƙasa ma sai ya tsaya cikin rana yana gadin ƴaƴan wasu. Dabara ce mai kyau, don ta mayar da son suna na ƙuruciya ya zama awoyin aiki.

Ana sassauta wa wanda ya daɗe. Bayan shekara 8 na sintiri mutum na iya neman a rage masa awoyi, bayan shekara 10 kuma yana iya neman a ɗauke masa jadawalin ya ci gaba da zama cikakken memba. Wanda jikinsa ba zai iya iyon ba, amma yana da shaidar taimakon gaggawa ko ta aikin oba-oba, shi ma akwai gurbinsa a tawaga, sai dai ba shi ne zai shiga ruwa ba.

Kada a haɗa su da ma'aikatan ceto na albashi. A Bondi, masu shuɗiyar riga da ake gani a shirin talabijin na Bondi Rescue ma'aikatan magajin garin Waverley ne, suna aiki kowace rana duk shekara. Ƴan sa kai masu ja da ruwan ɗorawa suna ƙara musu hannu ne a ranakun cunkoso. A ƙananan garuruwa da yawa kuwa, ƴan sa kan ne kaɗai.

Waɗanda aka daɗe ba a buɗe wa ƙofa ba

Tsananin jarrabawa abu ne mai hujja. Akwai kuma wani shinge da ba shi da hujja, wanda ya daɗe. Shekara 73 aka yi ana cewa mace ba ta da ƙarfin jan igiya ko ɗauko ƙato daga ruwa. Mata na dafa abinci, suna tara wa kulob kuɗi, amma ba su da damar sanya hular sintiri. Sai a 1980 aka amince su zama cikakkun ƴan sintiri, da jarrabawa iri ɗaya da ta maza. Yau sun kusa rabin membobin ƙungiyar.

Shinge na biyu ba a rubuce yake ba. Kulob ɗin sun kasance na fararen fata mazauna unguwannin bakin teku masu tsada, yayin da ƴaƴan baƙi, ciki har da Musulmi ƴan asalin Lebanon, ke zaune can yammacin Sidni, nesa da ruwa. A farkon Disambar 2005 faɗa ya kaure tsakanin wasu matasa ƴan asalin Gabas ta Tsakiya da ƴan ceto a bakin tekun Cronulla. Mako guda bayan haka, ranar 11 ga wata, mutum kusan 5,000 suka taru a wurin, wasu daga cikinsu suka riƙa dukan duk wanda ya yi kama da Balarabe, aka kuma yi ramuwar gayya cikin dararen da suka biyo. Abin ya girgiza ƙasar, ya kuma tilasta wa ƙungiyar duba kanta. Da tallafin gwamnati aka buɗe wani shiri na horar da matasan unguwannin baƙi, kuma a farkon 2007 rukunin farko na matasa Musulmi suka ci jarrabawar lambar tagulla.

A cikinsu akwai wata budurwa, Mecca Laalaa, wadda ba za ta iya sintiri da kayan wankan da aka saba ba. Wata mai zanen tufafi haifaffiyar Lebanon da ke zaune a Sidni, Aheda Zanetti, ta ɗinka mata rigar iyo mai rufe jiki da kai, da launin ja da ruwan ɗorawa na ƙungiyar. Wannan ita ce burkini, rigar da wasu magadan gari na kudancin Faransa suka haramta a bakin tekunsu a 2016, har sai da kotun ƙoli ta harkokin mulki ta dakatar da ɗaya daga cikin dokokin. A Sidni, shekara tara kafin wannan taƙaddama, rigar kayan aikin ceto ce. Ba a rage wa mai ita ko daƙiƙa ɗaya daga minti 8 ɗin ba.

Inda tutoci ba su kai ba

Kayan aiki sun canja ƙwarai. Tsohuwar igiya ta koma kayan biki da gasa. Kwalekwalen roba mai inji ya shigo daga 1969, jirgi mai saukar ungulu na ceto ya fara tashi a Sidni a 1973, sannan babur na ruwa. A Janairun 2018, a Lennox Head, wani ƙaramin jirgi maras matuƙi ya jefa wa wasu samari biyu robar da ke kumbura da kanta, suka riƙe ta har gaɓa. Duk wannan kuɗi ne, kuma ana haɗa shi daga tallafin gwamnati, da kamfanoni masu ɗaukar nauyi, da gudunmawar jama'a, da kuɗin membobi. A jihar Queensland kulob da yawa na da gidan abinci da mashaya, wasu har da injinan caca, waɗanda ribarsu ke sayen man kwalekwale. Ba kowa ne a ƙasar ke jin daɗin wannan hanyar samun kuɗi ba.

Iyakar tsarin a fili take. Ostareliya na da wuraren wanka na bakin teku fiye da 10,000, waɗanda ake gadi kuwa ƴan ɗaruruwa ne, su ma na wasu awoyi a wasu watanni. Mutuwa tsakanin tutoci abu ne da ba a cika ji ba. Yawancin waɗanda teku ke ci suna nutsewa ne a wurin da ba sintiri, ko bayan an naɗe tutoci da yamma, kuma mafi yawansu maza ne. Akwai masunta da raƙumi ke sharewa daga kan duwatsu, akwai ɗalibai da ƴan yawon buɗe ido daga ƙasashen waje da ba su san ma'anar ja da ruwan ɗorawa ba, wasu ma na ɗaukar tutar alamar hani ce sai su matsa nesa da ita. Akwai kuma iyayen da ke faɗawa ruwa don ceto ɗansu, yaron ya fito su ba su fito ba. Ƙasar ta taɓa rasa shugaban gwamnatinta ta wannan hanya: ranar 17 ga Disambar 1967 firaminista Harold Holt ya shiga ruwa a Cheviot, wani bakin teku maras sintiri a jihar Victoria, kuma har yau ba a ga gawarsa ba.

Saboda haka ƙungiyar ta fara fita daga tsakanin tutocinta. Ana kafa turaku masu kyamara da maɓallin kiran gaggawa a wuraren da aka san suna cin mutane, ana aika masu babur na ruwa su zagaya gaɓar da ba kowa, ana fassara saƙonnin gargaɗi zuwa harsunan baƙi. A kulob da yawa akwai kuma jerin sunayen ƴan sa kai da suka yarda a buga musu waya a kowane lokaci, ko da tsakar dare ne, ko cikin watannin sanyi da ba a kafa tuta.